Kawu da Fuskar da ke Gefen Hoto

Ranar da muka binne Kawu, mata sun fi maza yawa a majami'a, har sai da aka fitar da bencina waje ƙarƙashin mangwaro. 'Yan zumuntar mata sun zo daga Madakiya, daga Zonkwa, wasu ma tun daga Kagarko a bayan motar citta, kowace da ɗaurin zanen zumunta, da yawansu kuma riƙe da hoto. Ban taɓa ganin jana'izar da mutane suka zo da hotunan kansu ba sai wannan. Wata tsohuwa da ban san ta ba ta tare ni a bakin ƙofa, ta ɗaga nata har kan hancina.

"Ki duba, 'yata. Shi ne ya sa ni a tsakiya. Ni fa, a tsakiya! Fasto yana gefe."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, aka kama ta aka zaunar. Wani tsohon direban jirgin ƙasa ya miƙe ba a kira shi ba, ya ce marigayin ya taɓa shanya shi a rana har gumi ya jiƙa masa kwat saboda hoto ɗaya tak, ya rantse ba zai ƙara ba, ya kuma ƙara sau huɗu. Aka yi dariya ana share hawaye. Baba Babba, wan mahaifina, babban dattijon ikilisiyar ƙauyenmu, ya zauna can baya da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Aka kai masa kunun acca bai taɓa ba.

Ni kuwa ina zaune kusa da Iya, matar Kawu, ina karɓar gaisuwa kamar 'yar kirki. "Sannu Malama, Allah ya ta'azantar da ku. Ai uba kika rasa." Ina ta cewa amin. Ba wanda ya faɗa mini a ido, amma rabin majami'ar sun san shekara shida ban taka ƙofar shagonsa ba. Ba zan yi masa ta'aziyyar ƙarya ba. Idan zan faɗi wane ne shi, dole in faɗi abin da ya shiga tsakaninmu, abin nan kuwa fuskar mahaifiyata ce.

Kawu yayan Mama ne, ciki ɗaya. Shagonsa yana kusa da tashar jirgi a Kafanchan, ɗaki ciki da falo, na ciki shi ne ɗakin duhu inda yake wanke hotuna. A shekarun nan samari masu hoto duk sun koma ƙananan kyamarori na ratayawa a wuya, ƙyas, ƙyas, an gama. Shi ya ce wannan wasan yara ne. Tasa akwatin katako ce mai ƙafa uku, da zuga-zugi a tsakiya irin na maƙera, da gilashi a baya mai faɗin littafin waƙoƙi a buɗe. Sai ya lulluɓe kansa da baƙin zane ya leƙa gilashin, ya daɗe a ciki kana jin yana tsaki. Sau ɗaya ya bar ni na leƙa lokacin hutun makaranta, na ga kasuwa kai a ƙasa ƙafa a sama, na yi ihu na fito da gudu. Shekara goma yana ba mutane labarin nan, kullum yana ƙara masa gishiri.

Mutum ne mai faɗa, wannan ba a ɓoye yake ba. "Ku matso, ku matso, ba gaba kuke yi ba!" Haka yake yi wa ango da amarya. Idan ya gama shiri sai ya fito daga zanen, ya zura fallen fim, ya ɗaga yatsa: "Wanda ya motsa zai fito fatalwa, ba ruwana." Daga nan ya cire murfin idon kyamarar da hannu, ya ƙirga da yarenmu, ya mayar. Da Hausa yake ciniki, da Turanci yake yi wa 'yan reluwe tsiya, amma ƙirgar nan ban taɓa jin ya yi ta da wani harshe ba.

Cikin idanun kyamararsa akwai ɗaya da ya fi ji da shi. Ya same shi wajen wani Baturen reluwe mai ɗaukar hotunan gadoji lokacin da zai koma ƙasarsu. Ɗan ƙarami ne, bai fi bakin gwangwanin madara ba, amma yana kwasar duk abin da ke gabanka tun daga kafaɗar dama har ta hagu. Kawu ya sa masa suna Mai Haɗama. Kai, idon nan ya ba shi wahala! Sai an matso da shi dab da gilashin baya kafin abu ya fito sarai, zuga-zugin kuwa ya cushe ya ƙi. Kawu ya je wajen baduku aka ɗinka masa jaka mai laushi ta fatar akuya, ya sa a madadinsa. Hoton farko da ya wanke, sai ga goshin katakon kyamarar kanta ya shigo ciki daga ƙasa. Ya ɗauki zarto ya datse shi. Iya ta ce ranar nan bai ci tuwo ba, kamar wanda ya yanke yatsansa. In kyamarar ta ɗan ɗaga kai kaɗan, sai bangon gida ya fito a karkace kamar zai faɗi, don haka kullum da leburin magina a aljihunsa, yana ɗorawa yana duba ɗigon ruwan.

Duk waɗannan ya yi maganinsu. Aibu ɗaya ne ya gagare shi. Tsakiyar hoton takan fito tas, amma ana matsawa gefe haske yana mutuwa, wanda kuma ya tsaya can ƙarshe sai fuskarsa ta baje kamar an danna malmalar tuwo da tafin hannu. Kawu ya san haka sarai. Yakan ce Mai Haɗama yana kiran kowa, amma na tsakiya kaɗai yake yi wa adalci.

Mama ba ta da hoto ko ɗaya. Za ku yi mamaki, ƙanwar mai hoto guda! Amma haka abin yake. In ya ce ta zo, sai ta ce sai ta yi kitso. In ta yi kitso, sai ta ce zanen ya koɗe, a bari sai Kirsimati. In Kirsimati ta zo, shagon ya cika da baƙi, na gida sai daga baya. Mahaifina ya riga ya rasu, ita ke noma, ita ke kai citta kasuwa, ni kuma tun ina 'yar shekara goma ina makarantar kwana, hutu kaɗai nake ganinta.

A shekarar da motoci suka koma tafiya hannun dama aka gama sabuwar majami'ar ƙauyenmu, can bayan Madakiya. Rani biyu mata suna kwaso dutse da ruwa daga rafi, Mama tana gaba, har kafaɗarta ta yi kanta. Ranar keɓewa aka kira Kawu. Ina nan, na zo hutu daga kwalejin horon malamai. Filin gaban majami'ar ƙarami ne, shingen ƙerana da rumbun maƙwabci sun tare baya, babu inda mai hoto zai ja da baya. Jama'a kuwa ga su nan ƙauye guda. Dole sai Mai Haɗama.

Aka jeru yadda aka saba jeruwa tun ina yarinya: fasto da dattawa a kujeru a tsakiya, maza a bayansu, mu 'yan mawaƙa a durƙushe kusa, mata hagu da dama, gwauraye, wato waɗanda mazansu suka rasu, can ƙarshen layi. Kawu ya shiga zanensa, ya daɗe, ya fito fuska a murtuke. Ya je gaban Baba Babba ya rusuna.

"Baba, ina roƙo. A matso da matan nan su zauna ƙasa a gabanku. Na can ƙarshe ba za su fito ba."

"Mata su zauna gaban dattawa su ba mu baya? A ranar keɓe ɗakin Ubangiji?" Baba Babba ya buga sanda. "Suruki, ɗauka ce aikinka. Tsari namu ne."

"To a raba biyu. In ɗauki maza, in ɗauki mata."

"Ikilisiya ɗaya ce, hoto ɗaya za a yi."

Hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, jarirai suna kuka, mutane sun fara guna-guni. Sai Mama ta ɗaga murya daga ƙarshen layin hagu, tana dariya: "Yaya, ɗauka kawai, abinci yana hucewa! Ka ɗauke ni wata rana, ai ba gudu zan yi ba." Kawu ya dube ta, ya dubi sama. Ya cire murfin, ya ƙirga, ya mayar.

Bayan yankan acca zazzaɓi ya kama ta. Kwana uku. Kafin saƙo ya iso ni a kwaleji, an riga an rufe ta.

Da na samu kaina, na hau jirgi na tafi shagon Kawu, na ce a ba ni hoton majami'a. Bai so ba, ya yi ta kewaye-kewaye, na nace. Ya ɗauko. Ga Baba Babba a tsakiya, har maɓallin rigarsa ana ƙirgawa. Ga ni nan na fito tsaf, ina washe baki. Na bi layin hagu da yatsa har ƙarshe. Wata baƙar aba ce a wurin, mai faɗi, da ɗankwali a sama, ido ɗaya ya ja gefe, baki ya miƙe har kusan kunne. Wayyo Allah.

"Kawu, wannan ce uwata?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Ka ɗauki mahauta, ka ɗauki kan jirgi, har bijimin wani na ga ka ɗauka ka rataye a bango. Ƙanwarka ɗaya a duniya, ga abin da ka yi mata. Ka san halin idon nan ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Ka sani, ka cire murfin! Da ka ƙi mana. Kai da kake yi wa kowa faɗa, ranar ce bakinka ya mutu?"

"Da na ƙi," in ji shi. Iyakar abin da ya ce ke nan. Mutumin da yake iya yin awa guda yana musu a kan yadda ake ɗaura lakataye. Da ya yi mini faɗa, ina jin da mun shirya a ranar. Shirun nan ne ya ƙara tunzura ni. Na ɗauki hoton na fita, na ce ƙafata ta bar shagonsa. Ni kuwa in na faɗi magana, taurin kai ba ya barina in janye ta. Wannan hali a wajensa na gada, kowa ya sani.

Sauran labarinsa daga nesa na riƙa ji, ina koyarwa a Zonkwa. An ce Kawu ya birkice. An kira shi taron wata ikilisiya, aka jeru yadda aka saba, ya ce a kawo tsofaffin mata tsakiya. Aka ƙi. Ya naɗe ƙafafun kyamararsa, ya ɗaure a keke, ya yi tafiyarsa ya bar fasto da dattawa a zaune cikin kwat. Aka kai ƙararsa wajen manya, wasu suka daina kiransa sam. Bai canza ba. Inda aka yarda, sai ya tattaro mutane su dunƙule a tsakiya, wasu a ƙasa, wasu a benci, wasu a kan tebur, mafi tsufa a gaba ko mace ce ko namiji, ya bar gefe biyu fayau. "Gefe na bango ne da bishiya," yakan ce, "su ba su da 'ya'yan da za su zo nema." Da aka kawo mini maganar nan na gane da wa yake, na ce ya daɗe bai faɗa ba. Kun ji irin zuciyata a lokacin.

Da aurena ya zo, na ɗauko wani saurayi mai ƙaramar kyamara daga Jos, don dai in ƙona masa rai. Kawu ya zo da babbar rigarsa, hannu rabbana. A matsayin kawun amarya ya tsaya, ya yi addu'a, ya sa mana albarka, bai nuna komai ba. Daga baya maigidana ya gaya mini ya ga Kawu ya ja saurayin gefe yana raɗa masa ya juyo da mu, rana tana bayanmu, fuskokinmu za su yi duhu. Hotunan aurena sun yi kyau. Na san dalili, ban je na ce na gode ba.

Hoton majami'a kuwa yana ƙasan akwatina. Nakan ɗauko in duba in ƙara jin haushi, kamar mai sosa ƙurji. Ban san ɓarnar da nake yi wa kaina ba sai da 'yata ta fara magana. Wata rana ina yi mata wanka ta ce, "Mama, Kaka yaya take?" Na buɗe baki in kwatanta. Muryarta tana kunnena, tafiyarta, warin hayaƙi da citta na zanenta, duk suna nan. Fuskar ce babu. Duk yadda na runtse ido, baƙar abar nan mai faɗi ce take zuwa. Na dube ta har ta kori ta gaskiyar daga kaina. Na zauna a bakin baho na yi kuka, yarinya tana kallona da sabulu a ka.

A lokacin ya kamata in je. Iya ta aiko sau biyu cewa Kawu yana tari, yana tambayata. Na ce sai an yi hutu. Saura mako biyu a yi hutun aka aiko da mai babur da labarin rasuwarsa.

Kwana uku bayan jana'iza, da safe, baƙi sun ragu, Iya ta kama hannuna ta ce in raka ta shago. Idonta ya yi yana, da lalube take tafiya. Ta kai ni ɗakin duhu. Kyamarar tana nan, amma a juye: an cusa bayanta cikin wata kafa da aka yanka a tagar katako ta gabas, idonta yana kallon cikin ɗaki. A gilashin baya akwai dodon hoto, wato baƙin fallen fim da ake fitar da hoto daga jikinsa, an rufe shi duka da baƙar takarda sai ɗan lungu ɗaya na gefe. Gaban kyamarar wani allo ne a tsaye, a karkace, an tokare shi da gutsattsarin katako.

"Kowane safiya kafin ya buɗe shago," in ji Iya, "in rana ya fito, yana nan. Rana zai shigo ta baya, ya jefa mamanki a allon nan, babba. Ya ce in ya karkata takarda, fuskan zai tsuke ya koma daidai. Yana tare hasken da hannu, haka, haka, don duhun ya ragu. Sai ya wanke, ya fito waje ya duba, ya ce, 'Ba ita ba ce tukuna.' Shekara shida, Malama. Maganin wankin nan ne ya shiga masa ƙirji, ni dai haka na gani."

Ta nuna mini kwali a ƙarƙashin tebur. Na jawo shi bakin ƙofa inda haske yake. Cike yake da hotuna, kowanne faɗin tafin hannu biyu, duk mace ɗaya da ɗankwali. A wani fuskar doguwa ce, a wani zagayayya. A wani idanu sun fito, baki ya ɓace. A wani ga dariya, amma hancin kamar na wata. Ba ɗaya da ya yi daidai da ɗan'uwansa, ba kuma rubutu a bayan ko ɗaya.

"Me ya sa bai kawo mini ba, Iya?"

"Sau biyu ya hau mota da shi har Zonkwa. Ya kai ƙofan makarantanku ya dawo. Ya ce ba zai sake ba ki abin da ba ita ba."

Na kwashi uku da suka fi bambanta na kai wa matan zumuntar ƙauyenmu da suka rage a gidan makoki, waɗanda suka ɗauki dutse tare da Mama. Na nuna na farko. "Mamanki ne, sak!" Na nuna na biyu. "Wayyo, ga shi nan, mamanki ne!" Na uku ma haka, har da hawaye. Ba ƙarya suke nufi ba, tausayina suke ji. Da hoton wata na kawo da ɗankwali, haka za su ce. Mutum ɗaya ne a duniyar nan da ya ƙi yarda a ba ni fuskar da ba ta uwata ba, ni kuma na ƙi gaishe shi shekara shida.

Kawu, Ubangiji Yesu ya ba ka hutu a wurinsa, ya haɗa ka da ƙanwarka ido da ido. Ka gafarta mini, ko da yake na makara da roƙon.

Da zan koma Zonkwa, na ɗaure kwalin da igiya, Iya ta rako ni bakin hanya. Mota ta tsaya, na sa ƙafa ɗaya, sai ta riƙo mini zane.

"Na manta ban gaya miki ba. Ran Talata kafin ya kwanta ciwo, ya fito daga ɗakin duhun nan yana murna. Ya ce, 'Iya, yau na same ta. In Malama ta zo hutu zan ba ta.'"

"Wanne ne? Wanne daga ciki?"

"Ya sa a kwalin tare da sauran, 'yata. Ni ba na gani. Ban tambaye shi ba."

Guda sittin da uku ne. Ranar Asabar nakan shimfiɗa su a tabarma in bi su ɗaya bayan ɗaya. Uwata tana cikinsu, ban san wacce ba ce.